Ba Zan Yi Odarka Da Hoton Ɗan Wani Ba

Guangzhou, ranar Lahadi

Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Ummanka da ƙannenka. Allah ya tsare min ku daga abin da nake tsoro, da wanda ban ma san ya kamata in ji tsoronsa ba. Ni lafiyata ƙalau, sai zafin garin nan mai danƙo, wanda mutum zai fito daga wanka yana neman wani wankan.

Kada ka yi mamakin ganin rubutu daga mutumin da kullum waya ke manne a kunnensa. Ka daina ɗaga kirana. In na kira sai ka miƙa wa Ummanka, a ce kana alwala. Alwalarka ta yi yawa, Babana, ko limamin unguwa bai kai ka ba. Sannan ni na san kaina, bakina ya fi hankalina sauri. Hannuna kuwa nawa gare shi a rubutu, kafin in kai ƙarshen jimla rabin fushin ya huce. Shi ya sa na nemi biro. Wani ɗan layinmu zai taho gida jibi, shi zai kawo maka. Ka jefa ta a akwatinka ka tafi da ita makaranta.

Bari in maimaita abin da ya haɗa mu, kada ka ce Abba ya manta. Makarantar kwanan da za ka shiga babbar sakandare ta raba ɗalibanta ƙananan rukunai, kowane rukuni da sana'ar da ya sa a gaba: akwai na lafiya, na gini da lantarki, na kasuwanci, da na noma da kiwo. Yara kaɗan, malamansu nasu na kansu, tare za a tafi har a gama. Suka ce yaro ya zaɓa, uba ya sa albarka kafin a buɗe makaranta. Ka zaɓi noma da kiwo. Ni kuma ina tsaye a bakin titi a unguwar Dengfeng, har 'yan China suna waiwaye, na ce maka a waya: "Na tsallake teku, na bar uwarka da goyo, don ka je ka karanta kashin kaji? Rukunin lafiya za ka shiga, ko ka zauna a gida!" Ka ce, "To, Abba." Wannan "to" ɗin taka ita ta hana ni sukuni, don na san ta. Irinta nake yi wa mahaifina, wanda ka ci sunansa, kafin in je in yi abin da na ga dama.

Ba labarin kasuwa zan ba ka ba. Wuraren da na yi tuntuɓe zan nuna maka, kai ka ɗaga ƙafa.

Ka san ban gama ƙaramar sakandare ba. Ajinmu cunkus yake, wasu a benci, wasu a ƙasa, mu 'yan baya a kan taga, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Malamin lissafi bai taɓa sanin sunana ba, "kai mai kunnen nan" yake ce min. Wata rana ya ce, "Kai mai kunnen nan, me na ce yanzu?" Na ce, "Malam, kunnen ya isa, muryarka ce ba ta isowa taga." Aji ya fashe da dariya, ya zane ni, na yi zuciya na ɗauki jakata. Washegari ban je ba. Na zauna a gida ina jiran a aiko a ce ina wane. Babana, har yau ina jira. Ba wanda ya lura taga ta rage mutum ɗaya.

Karatun da kake gani ina yi, tsinto shi na yi kamar mai kalar gyaɗa bayan an gama cira. Jaridar da aka naɗo tsire, kwalin magani, littattafan haya na bakin kasuwa, duk abin da ke da baƙi a jiki sai na tsaya na yi kokawa da shi. Ina alfahari da hakan, ba zan ɓoye ba. Amma ilimin da mutum ya tsinta shi kaɗai ramuka gare shi, kuma ba ya sanin inda ramin yake sai ya faɗa a gaban mutane. Ba wanda zan ɗaga wa hannu in ce ban gane ba.

To ka ga, da Malam Tukur, shugaban rukunin da ka zaɓa, ya kira ni, da faɗa na tare shi. Na ce, "Malam, ɗan nan nawa ne ko naka?" Ya ce, "Naka ne, Alhaji, shi ya sa na kira ka." Ban je Makka ba, amma duk wanda ya hau jirgin China Alhaji ne a bakin mutanen gida. Ya ce a makon da suka zagaya da sababbin ɗalibai rukuni-rukuni don kowa ya gani da idonsa, kai kaɗai ka ɗauki wani ɗan tsako da ya takure a gefe ka ɗaga fukafukinsa ka duba, kuma ka tambaya me ya sa aka ajiye mazubin ruwansu a rana. Ya ce, "Yaronka ba ya magana sai an zo kan dabba, in an zo kuma ba ya yin shiru." Ya ce kana da zabi a bayan kicin da ka sa wa kazar maƙwabta ƙwansu ta ƙyanƙyashe maka. Ni da nake riƙe da gidan ban san akwai zabi a cikinsa ba. Mako ɗaya ya yi da kai. Haushin haka ya sa na kashe wayar ba sallama.

Ga abin da nake so ka riƙe. Wurin da aka san sunanka ni'ima ce, amma kaya ne. Babu taga a ƙaramin rukuni. Ran da ka yi lalaci za a gani, ran da ranka ya ɓaci za a gani. Ka bari a gan ka. In malami ya yi maka faɗa, ko da bai yi daidai ba, kada ka ɗauki jaka. Kai ba ka gaji bakina ba, shirun Ummanka ka ɗauko, kuma wallahi shi ma yana kai mutum inda bakina ya kai ni: a ce "to" a fili, a fice ta ciki. In ba ka gane ba ka ce ba ka gane ba. In ba ka yarda ba ka faɗa da ladabi. Kana da wanda za ka ɗaga wa hannu, ni ban samu ba.

Yanzu maganar abaya. Kana da wayo lokacin sunan ƙanwarka Husna, za ka tuna matan gidanmu da na gidan su Ummanka duk abaya iri ɗaya suka saka, ruwan toka mai duwatsu a hannu. Mutane na ta yabon anko. Ba anko ba ne, Babana, asarata ce suka saka.

Akwai wata ɗabi'a da muke da ita a nan. In aka ji kayan wani sun yi kasuwa a gida, sai a bi shi wurin 'yan kago, inda ake ɗaure kaya kafin a sa a kwantena. Ka je kamar gaisuwa ta kawo ka, "Alhaji ya hanya, ya jama'a," wayarka a ƙasa-ƙasa, ka ɗauki hoton abin da ke leƙowa daga dila. Daga nan sai Canaan, kasuwar tufafi, ka nuna wa mai shago hoton ka ce "sem-sem", wato irinsa sak. Haka na yi wa wani ɗan kasuwar Kwari ta Kano da abayarsa ta ƙare tas kafin sallah. Matar da na kai wa hoton, lawban muke ce wa masu shago a nan, ta dube shi ta yi dariya, ta jawo wasu samfura tana nuna min. Na ture su, na ce ni wannan nake so. Ban tambayi kaina me ya ba ta dariya ba. Ashe ba ni ne na farkon kai mata hoton ba, ba kuma ni ne na ƙarshe ba. Kafin jirgin ruwa ya iso da nawa, layin abaya a Kwari gaba ɗaya ya zama ruwan toka. Mata su leƙo su ce, "Wannan ai ta bara ce," su wuce.

Shi kuwa mai abayar tuni ya koma wani samfurin. Abin da ban gane ba a lokacin, ba abayar ce dabararsa ba. Zama yake a shagonsa yana sauraron abin da mata ke tambaya su rasa. Wannan kuwa ba ya fitowa a hoto.

Don haka ina tambayarka, kuma kanka za ka ba amsa, ba ni ba: rukunin nan don kanka ka zaɓe shi, ko don wani abokinka ya shiga? In don aboki ne, kai ma sem-sem ka yi, kuma za ka sha zama da kayanka. In kuwa abin da zuciyarka ke tambaya ne tun kana ɓoye zabi a bayan kicin, to wannan wata magana ce.

Na ɗauka na koyi darasin abaya har abada. Sai Juma'ar da ta wuce waccan, bayan mun sauko daga masallacin Huaisheng, muka taho Dengfeng cin tuwo kamar yadda muka saba. Ana jiran miya aka fara fito da wayoyi. Alhaji Sabo ya nuna ɗansa da farar rigar likita a Masar, wancan ya ce tasa 'yar bana za ta fara karatun likita, wani ma ɗan nasa bai gama firamare ba amma tuni Dakta ake kiransa a gida. Na kawo ƙararka ina neman masu taya ni, kuma na samu. "Kada ka yarda, Nura!" "Yaran yanzu sai da tsawa!" "Noma? Ai sai ka kai shi ƙauye kyauta, me ya kai ka makarantar kwana?"

Alhaji Mamman na Maraɗi, mai sayen injinan ban ruwa, yana gefe yana cin tuwonsa. Dattijo ne, ya riga mu zuwa garin nan da daɗewa. Ya suɗe hannu ya ce, "To in duk ɗiyanku sun zama likitoci, wa za shi yi rishin lahiya? Ko juna za su riƙa yi ma allura?" Aka yi dariya. Sai ya juyo kaina. "Nura, in hwaɗa maka gaskiya, ko in bari ka gama tuwonka?"

Na ce, "Faɗi, Alhaji, ai ba a Maraɗi aka fara gaskiya ba."

Ya ce, "Ka sake leƙa dilar wani. Ka ɗauki hoton ɗan Alhaji Sabo da hwarar riga, za ka kai ma lakwal ka ce sem-sem."

Lakwal makaranta ke nan a bakinsu. Duk teburin sun san labarin abaya, har wani ya ƙware don dariya. Na miƙe na ce masa maganar da ba zan rubuta maka ba, na bar tuwona na fita. Na yi ta tafiya a rana ina shirya amsoshin da ya kamata in ba shi. Na samu masu zafi da yawa. Wadda na rasa ita ce wadda za ta nuna ƙarya ya yi. Ban taɓa tambayarka ko kana iya kallon jini ba. Ban taɓa zama na ji abin da kake nema ka rasa ba. Farar rigar na gani a wayar wani, na yi oda.

Akwai kuma abin da ke ƙarƙashin fushin. Kakanka manomi ne, kuma ni a idona noma shi ne faso a ƙafarsa, shi ne ranar da ciwo ya shiga kajinsa muka wayi gari muna kwashe su a kwando, yana tsaye yana cewa haka Allah ya so. Gudun wannan ne ya kawo ni har nan. Da ka ce noma, ji na yi kamar duk gudun da na yi zagaye ne. Amma Baba bai taɓa samun wanda zai gaya masa sunan ciwon ba, balle rigakafinsa. Ba noma ne ya kayar da shi ba, yin sa a duhu ne. Kada ka gaji ƙiyayyata ga abin da ban fahimta ba, kuma kada ka yarda ka yi naka a duhu.

Kada fa ka ɗauka na zama ɗan kamfen ɗin makarantarku. Har yanzu akwai abin da ke ci min rai a tsarin nan. Yaron da gemu bai fito masa ba, a ce ya zaɓi hanyar rayuwarsa? Ni a shekarunka direban tirela nake son zama, don kawai hon ɗinta. Sannan na san mutanenmu, da an raba abu gida-gida sai an samu na 'ya'yan manya da na 'ya'yan talakawa, ko ba a rubuta a allo ba. Shi ya sa na sake kiran Malam Tukur. Na fara da ba shi haƙuri. Na ce, "Malam, in yaro ya shiga ya ga ba nan ba ne, kun rufe ƙofa?" Ya ce a'a, ƙarshen shekarar farko ana zama da yaro da iyayensa, mai son canji ya canza. Na ce, "Jarrabawar fita fa, ta manoma daban ce?" Ya yi dariya ya ce iri ɗaya kowa zai rubuta, kuma darussan kimiyyar da 'yan rukunin lafiya ke yi ku ma za ku yi, sai dai ku lissafinku a kan abincin kaji da faɗin fili za a koya muku shi, Turancinku a kan rahoton abin da kuka shuka. Na ce, "In na ji kun mai da min ɗa lebura yana share muku keji, da kaina zan zo." Ya ce, "Ka zo ko ba ka ji ba, Alhaji. Iyayen rukuninmu ba su cika zuwa ba."

Maganarsa na ji, aikinsa ban gani ba. Kai za ka zama idona. In lissafin ya zama wasa, ka faɗa min.

Wani abu kuma game da rukuni. Mu ma nan rukuni-rukuni muke: 'yan waya, 'yan yadi, 'yan takalma, kowa da layinsa da teburinsa. Na yi shekaru ba na zama sai da Kanawa 'yan tufafi, ina yi wa mutanen Nijar dariyar Hausarsu. Ran da zazzaɓi ya kwantar da ni a ɗaki, 'yan layinmu duk suna wurin lodi, Alhaji Mamman ne ya lura bai gan ni a masallaci ba, ya zo ya buga ƙofa ya kai ni asibiti. Mutumin da nake kwaikwayon maganarsa. Don haka ka riƙe 'yan rukuninka kamar 'yan uwa, amma ka riƙa ɗaukar kwanonka kana zuwa teburin 'yan lantarki da 'yan kasuwanci. Wata rana kejinka zai nemi wuta, ƙwanka zai nemi mai saye. Za su tsokane ka, za su ce kana warin kaji, ubanka ma ya faɗa balle su. Kada ka rama irin ramuwata. Ka yi dariya ka tambaye su me suka ci da safe. Kuma ka karanta abin da ba a sa ka ba. Laburaren makaranta ba na rukunin kowa ba ne.

Saura abu ɗaya. Jiya na je na ba Alhaji Mamman haƙuri. Ya ce ya yafe tun kafin tuwona ya huce, kuma shi ya cinye shi. Daga nan ya ja ni wurin da yake sayen injinansa, can bayan gari. A shagon da ke kusa na ga injinan ƙyanƙyasar ƙwai jere, manya da ƙanana, fitila na haskawa a ciki. Na ce shi ke nan, zan saya wa Babana ɗaya in aika, ya san na huce ba sai na faɗa ba. Na fara ciniki. Mai shagon ya buga tambaya a wayarsa ta fassara min: ƙwan kaza ko na wani tsuntsu? Guda nawa a lokaci ɗaya? Akwai tsayayyar wuta a wurinku, ko mai aiki da hasken rana kake so? Na tsaya ina kallonsa. Amsa ko ɗaya, meyo, babu. A gefe ga wani mutumin Ghana ana ɗaure masa nasa a kwali. Wallahi, Babana, hannuna ya riga ya ɗagu, yatsana yana nuna kwalin, bakina ya buɗe.

Na waiga wajen Alhaji Mamman. Kallona kawai ya yi, gemunsa na rawa.

Na sauke hannuna. Na ce wa mai shagon shiyeshiye, wato na gode, zan dawo, akwai wanda ya san amsar.

To ga maganata. Na gaya wa Malam Tukur ya rubuta sunanka a rukunin noma da kiwo. Na sa albarka, ba rabi ba, duka. In shekara ta zagayo ka ga ba nan ba ne, ka faɗa ba kunya, ba zan ce ai na gaya maka ba. In ma na fara faɗa, ka miƙa wa Ummanka wayar, wannan karon da izinina. Abin da na ce maka a bakin titi kuwa, ban yi daidai ba.

Allah ya kai ka lafiya, ya tsare ka a hanya da ɗakin kwana da cikin aji. Allah ya haɗa ka da malamai masu tsoronsa da abokan da za su tashe ka sallah. Ya tsare ka daga ciwo, da mugun aboki, da irin zuciyar ubanka. Ya sa albarka a hannunka, duk abin da ka taɓa ya rayu. Ya jiƙan mai sunanka. Ka gaishe da Ummanka, ka bar wa Husna amanar zabin, ka nuna mata komai kafin ka tafi.

Injin yana nan a shago, ban saya ba, kuma ba zan saya ba sai na ji daga bakinka. In ka idar da asuba, nan ana shirin azahar, wayar tana hannuna. Ka kira ni ka gaya min wanne ne, don ni ban sani ba. Ka yi alwalarka tun kafin ka kira.

Wassalam.

Abbanka,
Nura